Bawul na Biyu, Ran Alhamis

Jiya ɗaya daga cikinku ya nuna mini manhajar da ya haɗa tsakanin azahar da la'asar, ya ce ai yanzu aikin nan ya zama wasa. Na duba, ta yi kyau, har da launi kala-kala. Sai na tambaye shi, idan ya danna wurin ajiya, wa ke ɗaukar rubutun ya kai shi ma'ajiya, kuma ina ake dafe lissafin da manhajar ke tsakiyar yi kafin a dawo mata da shi. Ya ce waya ce ke yi. To wannan da ya ce waya ce ke yi, shi ne sana'ata, shi nake ci nake sha da shi sama da shekara ashirin a wannan shagon na Gumel da kuke raina wa fanka.

Ban fara da kwamfuta ba. Na fara da rediyo, a rumfar Malam Ilu da ke bayan 'yan hatsi. Kayan aikinsa duka ba su cika jakar bakko ba: sukudireba uku, ƙarfen narka dalma da ake ɗorawa a garwashi, mita mai allura wadda sai an ɗan buga ta take motsi, da wani tsohon farantin silba. Wata na farko ban taɓa komai ba sai farantin nan. Idan aka kawo rediyo, kafin ya kwance ƙusa ɗaya sai ya sa na kawo shi, duk abin da ya cire na jera shi bi da bi, in an zo mayarwa a fara da na ƙarshe. Wata rana mai rediyo ya shimfiɗa hiraminsa ya ce mu zuba a kai, ni kuwa na zuba. Malam Ilu bai yi faɗa ba. Ya jira har mutumin ya ji kiran salla ya fizge hiraminsa, ƙusoshi suka watse cikin yashi, sannan ya ce in tsince su duka. Na wuni ina tankaɗe ƙasa da rariya. Da na gama ya ce mini kayan da na kwance, a kan farantina ake ajiye su, domin tabarmar mai kaya tasa ce, yana iya janye ta duk lokacin da ya ga dama.

Daga baya na yi karatun lantarki, na zauna Kano 'yan shekaru wajen masu haɗa ƙananan alluna na na'urori, irin waɗanda ke cikin sikeli da injin caji. Can na gane inda zuciyata ta karkata. Abokaina suna son abin da ido ke gani, ni kuwa ina son can ƙasa, inda manhaja ke haɗuwa da ƙarfe. Na dawo gida na buɗe shago. Masu zuwa wajena ba 'yan gayu ba ne. Masu sikelin riɗi ne daga Gagarawa, da masu injin niƙa, da kwamitocin rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Babu wanda ya taɓa tambayata abin da ke cikin akwati. Tambayarsu ɗaya ce, zai yi aiki in na juya baya ko ba zai yi ba.

Ku saurara a nan, don in kun rasa wannan ba za ku gane sauran labarin ba. A cikin kowace na'ura akwai furosesa, shi ke lissafi. Yana da 'yan gurabe kaɗan a jikinsa da muke kira rajista, kuma duk abin da yake aiki a kai yanzu-yanzu a cikinsu yake, kamar abin da mutum ke riƙe a hannu. Akwai kuma uwar manhajoji, wadda muke kira kenel. Ita kaɗai ke da izinin taɓa ƙarfe. Manhaja ba ta buɗe bawul, wato makunnin ruwa, da kanta, ba ta karanta saƙo da kanta, sai dai ta kira kenel ta roƙa a yi mata. To ga inda aikin yake. Furosesa ɗaya ne, rajistocin ma su ke nan, kenel ba ta da wasu na daban. Kafin ta yi komai dole ta sauke abin da mai kiran ke riƙe da shi, ta jera shi a wani yanki na ma'ajiya da muke kira sitak, inda ake ɗora abu kan abu, a kuma fara ɗauke na ƙarshe. Ta yi aikinta, sannan ta mayar wa mai kira kayansa daidai yadda ta same su, sai gurbi ɗaya da take saka amsa. Idan mai kiran jira ya roƙa, kayansa na nan a jere har lokacinsa ya yi. Kenel mai hankali kuma, da zarar an kira ta sai ta bar sitak ɗin mai kira ta koma nata na kanta. Ranar da na fara karanta wannan na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe farantin Malam Ilu ne.

Aikin da ya kusa tashina daga sana'a, na wani ƙauye ne yamma da Maigatari, dab da iyaka, wanda ba zan kama sunansa ba. Rijiya ɗaya gare su, tanki ɗaya, da gari da rugagen Fulani duka a kanta suke. Tun kakanni suna da rabo: safiya ta gidaje ce, bayan azahar na shanu ne. Amma duk wanda aka ba riƙon famfo sai an zarge shi, ko ya tsawaita wa gari ko ya gajarta wa kwamin shanu, har an taɓa zare sanduna. Dagaci da Ardo Buba suka zo shagona tare, suka ce suna son akwatin da zai riƙa buɗe bawul na ɗaya da safe, na biyu bayan azahar, kuma kada a bar wata hanyar buɗewa da hannu ko kaɗan. Na ce a bar ko da ƙaramin marfi ne saboda ranar matsala. Suka ƙi, suka ce hannu shi ne matsalar. Aka naɗa Malam Hudu mai gadi, dattijo ne mai ƙarancin magana, aikinsa goge gilasan sola da riƙe makullin ɗakin. A gaban jama'a ya yi rantsuwa ba zai taɓa akwatin ba.

Allon da na samu ƙarami ne, ma'ajiyarsa ba ta taka kara ta karya ba. Na rubuta masa 'yar kenel da hannuna, da ayyuka uku a kanta, wato ƙananan manhajoji uku. Mai awo yana duba ruwan tanki. Mai saƙo yana kula da layin waya da ke ciki, don ɗan kwamiti ya aiko da kalma ɗaya a ba shi amsar yawan ruwa. Mai bawul kuma ya buɗe na ɗaya, ya rufe, ya saka lamba biyu a rajista, ya kira kenel ya ce a tashe shi bayan azahar. Kowanne na yanka masa sitak ɗinsa, na jera su jikin juna. Da na zo kan na kenel sai na ga wuri ya ƙure. Na ce a raina ai ayyukan duka nawa ne, ni na rubuta su, me zai hana kenel ta ci gaba da aiki a kan sitak ɗin duk wanda ya kira ta? Na san ba haka ake yi ba. Na yi shi ina sane, har ina jin daɗin wayona. Na gwada shi wata guda a nan shago bai yi ko tari ba.

Ya yi damina da kaka da sanyi lafiya. Da bazara ta kama, shekarar da rijiyoyin hannu suka ƙafe da wuri, sai Dagaci ya kira ni ya ce ran Alhamis ruwan shanu bai zo ba. Na je ran Asabar, na gwada komai, lafiya lau. Akwatin yana mutuwa da faɗuwar rana ya tashi da fitowarta, sai agogonsa kawai ke kwana da rai, don haka duk abin da ya faru jiya ya goge. Alhamis ta gaba ma ruwan shanu bai zo ba. Shanu suka tsaya a bakin kwami babu komai ciki, aka kora su wata rijiya mai nisa cikin wannan rana, saniya ɗaya mai ciki ta ɓarar a hanya. Alhamis ita ce ranar kasuwar Maigatari, magana ta fara yawo cewa Malam Hudu ke kashe na shanu don tanki ya cika wa masu kai ruwa kasuwa. Na sake zuwa ran Litinin, na sake gwadawa. A ƙofar Dagaci, gaban Ardo da mutum kusan talatin, aka tambaye ni. Na ce na'ura lafiyarta ƙalau, in akwai matsala ba daga ciki take ba. Ban kama sunan kowa ba, amma mutum ɗaya ne ke da makulli. Nan take Dagaci ya karɓe shi daga hannun Malam Hudu. Alhamis ɗin da ta biyo kuwa ruwa ya zo daidai lokacinsa, kowa ya ce to ga shi nan.

Ran Lahadi ina liƙa wani sikeli sai ga Malam Hudu a bakin shago, ya sauko daga mota da ƙura har gwiwa. Na ba shi kujera ya ƙi, ruwa ma ya ƙi.

Ya ce, "Injiniya, ni ban san abin da ke cikin akwatinka ba. Na san dai abin da hannuna ya yi. Ban taɓa ba. Jikokina sun daina zuwa ɗebo ruwa da safe saboda abin da ake faɗa musu. Ka zo ran Alhamis, ba ran Asabar ba."

Gaskiya raina ya ɓaci, ina ganin tsoho zai koya mini aikina. Amma maganarsa ta ƙarshe ta tsaya mini a wuya, domin ban taɓa ganin akwatin nan ran Alhamis ba ko sau ɗaya. Na ce masa zan zo, kuma ba zan daina zuwa ba sai na ga abin da idona.

Na tafi da kwamfuta da igiyar da ke ba ni damar tsayar da furosesa in leƙa cikinsa. Na karɓi makulli wajen Dagaci, na zauna a ɗakin nan na kwano tun hantsi, gumi har cikin takalmi. Bayan azahar bawul ya yi ƙas, ruwa ya zubo. Matasan gari suka yi ta tsokanata, wai Injiniya ya zo gadin abin da ba ya gudu. Ardo Buba bai yi dariya ba. Ya ce mini in ruwa ya sake yankewa ko sau ɗaya za su cire akwatin su koma famfon hannu, kuma ya san abin da zai biyo baya. Na ce ya ba ni Alhamis biyu.

Ta biyun ce ta kama. Azahar ta wuce, shanu suka taru, shiru. Na tsayar da furosesa nan take, na bi sawu. Mai bawul ya farka a kan lokaci, ya kira kenel ya ce a buɗe, kenel ta ce babu bawul mai wannan lamba, shi kuma ban koya masa duba amsa ba, ya koma barcinsa yana ganin ya gama aiki. Na duba rajistar da ya kamata in ga biyu a ciki, sai na ga wata ƙatuwar lamba marar kan gado. Na juya ta zuwa haruffa don in ga ko za ta ce wani abu. Harafi huɗu suka fito: B, i, e, n. Na kashe akwatin na kunna, ruwa ya zubo, shanu suka sha. Abin da zai gyara shi ke nan tun ranar farko, kuma mutum ɗaya da ke kusa da shi ya rantse ba zai taɓa ba.

Malam Hudu na zaune nesa a gindin aduwa, inda kowa zai ga hannuwansa. Na je na nuna masa haruffan a takarda don kawai in nuna masa na samu wani abu. Ya ɗan duba, ya zaro ƙaramar wayarsa, ya ce wani rubutu mai tsawo yana shigo masa wasu ranakun kasuwa, ba ya iya karantawa, amma kansa ya yi kama da wannan. Na karɓa na duba. Saƙon barka da zuwa ne na Faransanci, wani mai sayen raguna ɗan Damagaram ya fassara mana shi. Ran kasuwa layin wajenmu yakan cushe, waya ta tsallaka ta kama na Nijar, su kuma su aiko da gaisuwarsu mai tsawon gaske. Ba kowace Alhamis ba, sai wadda ta cika sosai. A Gumel kuwa, inda na yi gwajina na wata guda, layin Nijar ba ya isowa.

Daga nan komai ya fito fili. Mai saƙo ya kira kenel ya ce a karanto masa abin da ya shigo. Kenel ɗina, da ba ta da sitak nata, ta jibge saƙon a kan nasa, wanda na yanka daidai kalma ɗaya ko biyu. Ya cika ya tumbatsa, kan saƙon ya zubo cikin na maƙwabcinsa da harafi huɗu kacal. Maƙwabcin shi ne mai bawul, yana barci, kayansa a jere, kuma abin da ke bakin iyaka shi ne lambar nan biyu. Na zauna a kan dutse kunya ta rufe ni. Ba tsautsayi ba ne, na zuba ƙusoshi a hiramin mai kaya ne da girmana.

Akwai gyara na minti biyar, in sa a datse duk saƙon da ya yi tsawo in koma gida. Na yi shi, amma ban tsaya nan ba, domin yau saƙo ne, gobe ban san me zai zo ba. Na rufe shago kwana shida. Na mayar da masu sikeli biyu, ɗaya har yau ba ya gaishe ni. Na sake rubuta ƙofar shiga kenel layi-layi da yaren furosesa kansa, yadda abu na farko da za ta yi in an kira ta shi ne ta kwashe rajistocin mai kira ta kai su wurin da ita kaɗai ke taɓawa, na biyu ta koma kan sitak nata. Don in samu wurin sai da na cire rubutun ado na fuskar akwatin, wanda na fi alfahari da shi. Na saka alama a gindin kowane sitak, kenel na duba ta kafin ta sallami kowa, in ta ga an taka ta sai ta tayar da na'urar daga farko ta aiko mini da labari. Mai bawul kuma na koya masa in an ce masa a'a ya yi ƙara. Na kwafi saƙon wayar Malam Hudu na yi ta aika wa sabon allo, da shi da waɗanda suka ninka shi tsawo, har yatsana ya gaji.

Alhamis ta ƙarshe na roƙi Dagaci ya tara mutanen da suka ji maganata ta farko, a bakin kwami. Na ɗora tsohon allo, na aika masa saƙon daga wayata, na tura agogonsa zuwa bayan azahar. Shiru. Na kashe na kunna, na tura agogo ba tare da saƙo ba, ruwa ya zubo. Na maimaita sau uku don kada a ce dace ne. Sannan na ɗora sabo, na ba Ardo Buba wayata na ce ya danna da kansa. Ya danna, na tura agogo, bawul ya yi ƙas. Ardo ya ce shi bai gane zancen rajista ba, amma ya ga abin da ya gani, kuma a lokacin makulli na aljihun Dagaci.

Dagaci ya ciro makullin ya miƙa wa Malam Hudu, yana cewa a yi haƙuri, abin ya wuce. Malam Hudu bai miƙa hannu ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba kai ka karɓe shi ba. Wanda bakinsa ya karɓe, shi zai mayar."

Na karɓi makullin daga hannun Dagaci, na juya na fuskanci jama'a, na ɗaga murya yadda na baya za su ji. Na ce ranar da na ce na'ura lafiyarta ƙalau ban faɗi daidai ba, ban bincika yadda ya kamata ba, laifin na aikin hannuna ne, saniyar da ta ɓarar ma a wuyana take, Malam Hudu bai taɓa komai ba. Dattijon ya sa na maimaita ta ƙarshen, ya ce matan da ke bayan danga ba su ji ba. Na maimaita. Sai ya karɓa, ya ɗaura shi a igiyar wuyansa, ya ɗauki tsummansa ya nufi gilasan sola, domin sati biyar ke nan ba wanda ya goge su.

Akwatin nan yana can yana aiki har yau. Saƙon kuma yana nan a wayata, duk allon da zai fita daga shagon nan sai ya sha shi tukuna. Kai mai manhajar azahar da la'asar, ga tsohon allon can a kan kantar shago, ban gyara shi ba, da gangan na bar shi. Ɗauko shi da igiyar. Zan aika masa saƙon, ka nemo mini inda lamba biyu ta shiga, kuma ka riƙa tuna cewa akwai dattijo a gindin aduwa yana jiran ka gama.